Gurbin Layi Ɗaya a Takardar Kakana

Sai ranar sadakar uku aka ba ni izinin barin makaranta, saboda haka ban ga fita da gawar Kakana ba. Na sauka a tashar Gumel da hantsi, na tako da ƙafa har gidansa. Tun daga bakin zaure har gindin darbejiya an shimfiɗa tabarmi, takalman mutane sun taru a gefe guda. Na sunkuyar da kai na wuce ciki. Inna, wato mahaifiyata, ta dube ni ta kau da kai kamar yadda ta saba, don ni ce 'yar farinta. Gwaggo ce ta jawo ni jikinta. Ƙanwar Kaka ce uwa ɗaya uba ɗaya, a gidanmu na Gagarawa take zaune tun rasuwar mijinta.

"Kin ga ya tafi ya bar ni da surutuna," in ji ta. "Yanzu wa zan yi wa faɗa ya yi mini shiru?"

Na sami wuri jikin katanga kusa da ƙofar zaure, inda ake jin maganar maza. Kowa ya zo sai ya ce Allah ya ji ƙan Malam, mutum ne da ba ruwansa. Wani ya ce ko tsayawa hira ba ya yi. Can sai na ji wani ya rage murya ya ce, "Wai ni wane aiki ne ma yake yi a ofishin nan? Tun ina yaro nake ganinsa yana shiga yana fita."

"Kwafa," in ji na kusa da shi. "Abin da wasu suka rubuta yake sake rubutawa."

Wani tsohon hedimasta da ya zo daga Maigatari ya yi gyaran murya ya ce, "Shekara da shekaru ina karɓar takardarsa. Ban taɓa ganin ya tsallake ɗa ko guda ba."

"Sau ɗaya," in ji wata murya. Na gane ta, mai buga tafireta ne na ofishinsu, dattijo mai yawan barkwanci, amma ranar babu dariya a bakinsa. "Sau ɗaya ya yi, kuma da hannuna a ciki."

Ba wanda ya tambaye shi. Aka fito da waina, aka koma maganar damina.

Ni na san wane sau ɗaya yake nufi. Na kuma san aikin Kaka ba kwafa ba ne kawai. Ina tsoron nan da 'yan shekaru a ce ba wanda ya tuna, shi ya sa nake rubuta abin da na gani.

Kakata ta rasu tun ban yi wayo ba, shi kuwa bai sake aure ba. Shi kaɗai yake zaune a gidan. Matar maƙwabcinsa ke aiko masa da tuwo a kwano mai murfi, ya ci rabi, ya ajiye rabi na ɗumame. A ɗakinsa akwai gadon ƙarfe, da buzu, da rediyo wadda yake kunnawa ya ji labarai, da an gama ya kashe ya lulluɓe ta da ƙyalle. Butocinsa biyu ne. Ɗaya ta alwala, ɗaya ta wanke hannu kafin ya taɓa takarda. Idan ya zauna cin abinci, bango yake fuskanta. Na taɓa tambayar Gwaggo dalili, ta ce can wajen Kakata take zama.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Suna ne na mutanen da, na rugar da aka haife ta can wajen Sule Tankarkar, kuma har yau ban haɗu da wata mai shi ba. Kaka bai taɓa furta shi ba, haka ma Gwaggo. Uwata yake ce mini. Idan na zo hutu na shiga ɗakinsa, sai ya yi kamar zai miƙe, ya ja jiki ya bar mini buzun ya koma kan tabarma.

"Uwata, an iso? Ba dai an kawo miki ƙarata ba?"

Sai in rufe fuska da mayafi. Shi ma ba ya jiran amsa. Muna iya wuni tare ba mu yi magana goma ba, kuma ban taɓa jin zaman ya yi mini tsawo ba.

Aikinsa a ofishin ilimi kuwa ga yadda yake. Duk shekara bayan an yi jarrabawar shiga sakandare, akan aiko da sakamakon jihar Kano gaba ɗaya a takarda guda. In na ce guda, guda nake nufi. Doguwa ce, an ninke ta gaba da baya, gaba da baya, har ta yi tudu kamar an ɗora matashin kai biyu. Gefenta biyu duk huji ne a jere. An ce inji ne ke buga ta a wani gari mai nisa. Kowane layi yaro ɗaya ne: lambar makarantarsa, da tasa lambar, da sunansa, da makinsa. Ba gari-gari aka jera su ba, bisa maki ne, saboda haka sai ka ga ɗan Gagarawa tsakanin ɗan Rano da ɗan Bichi. Aikin Kaka shi ne ya bi takardar nan daga farko har ƙarshe, ya ciro layukan 'ya'yan ƙasar Gumel, ya rubuta wa kowace makaranta nata. Ko bayan da ya yi ritaya, shi ake aikawa a kira, don ba wanda yake da haƙurin.

Yana da wani kwalin sukari da ya buɗe ya shimfiɗa, ya yanka masa 'yar siririyar taga da reza, daidai faɗin layi ɗaya. A saman kwalin ya rubuta lambobin makarantunmu. Sai ya ɗora shi kan takardar, ya riƙa jan sa ƙasa layi-layi. In lamba ta dace, ya ɗiga fensir a gefe, ya ɗauki alƙalami. Yakan ce ido yana da gaggawa, in ka nuna masa layi goma zai ce maka ya karanta goma, alhali uku ya gani. Yakan kuma ce, "Ni ba na ƙarawa, ba na ragewa. Cirowa nake yi."

Wani lokaci yakan zo da takardar gida saboda hayaniyar ofis. Ya baza ta a zaure, ya danne kusurwoyin da duwatsu huɗu da ya wanke. Ni kuma in zauna bakin ƙofa ina kallo.

"Uwata, kada ki yi atishawa, Maigatari za ta tashi."

A shekarun fari aikin ya ƙara masa tsawo. Makiyaya da yawa sun tashi sun yi kudu da sauran dabbobinsu, 'ya'yansu suka zauna jarrabawa a garuruwan da ba nasu ba, ƙarƙashin lambobin da ba sa kan kwalin Kaka. Daga baya iyayen suka dawo gida, sakamako kuwa ya tafi can inda suka baro. Sai Kaka ya daina dogara da lamba kaɗai, ya koma karanta kowane suna da sunan uba. In ya ga wanda ya yi masa kama da na wata ruga da ya sani, ya rubuta shi a takarda daban, ranar kasuwa ya je ya yi cigiya. Na ga ranar da wani Bafulatani ya zo da ƙwaryar nono ya durƙusa a zaure yana ta godiya da Fulatanci. Kaka ya amsa masa da Fulatanci a gajarce, kansa na kan takarda, kamar an kama shi da laifi.

Mai tafireta yana yawan tsokanarsa. Na ji shi wata rana da ya biyo gida yana cewa, "Malam, an ce fa injin nan, in aka rubuta masa umarni layi ɗaya tak, a ce ciro duk layin da ya fara da lamba kaza, kafin ka gama alwala ya gama aikinka na sati biyu."

"To me ya hana su rubuta masa?"

"Sun ce ba don Gumel kaɗai aka sayo shi ba."

"Ka gani. In ka haɗu da shi, ka tambayar mini shi ko ya san inda fari ya kai 'ya'yan mutane."

"Ai ba ya magana, Malam."

"Ashe ya fi ka."

Shekarar da na gama aji bakwai, hannun Kaka ya fara rawa. In ya ɗauki kofin shayi sai ya zuba a rigarsa. Yana iya rubuta layi ɗaya ko biyu in ya natsu, amma ba ɗaruruwa ba. Sai aka ce a ofis ya riƙa karantawa da baki, mai tafireta yana bugawa. A wannan shekarar na zauna jarrabawa a Gagarawa.

Baba ya riga ya faɗa mini magana ɗaya tun kafin jarrabawar, bai kuma maimaita ta ba. Fari ya cinye yawancin shanunsa, kuma ina da ƙanne huɗu. Ya ce, "In kin ci, ki tafi, ba zan hana ki ba. In ba ki ci ba, ba a maimaita aji a gidan nan. Innarki na bukatar hannu."

Ranar da aka manna takarda a allon makaranta, na bari sai da kowa ya watse sannan na matsa. Rubutun shuɗi ne, ya ɗan dusashe. A sama an rubuta cewa duk wanda sunansa ya fito ya je Gumel intabiyu ranar Laraba ko Alhamis ta mako na uku, wanda bai je ba ya rasa wurinsa. Na karanta sunayen sau uku. Babu nawa. Abin da na lura da shi kawai, tsakanin suna na biyu da na uku akwai fili, kamar na layi ɗaya, ba a rubuta komai a ciki ba. Na tsaya ina kallon filin nan har aka kaɗa ƙararrawa. Hedimasta ya wuce ta bayana da sandarsa. Na buɗe baki, na kasa.

Da na koma gida Inna ba ta tambaye ni ba, don ba a ganin uwa tana rawar jiki kan 'yar fari. Ta ji a bakin maƙwabta. Washegari ta miƙo mini taɓarya, na karɓa. Baba ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Littattafaina na ɗaure su da igiya na tura ƙarƙashin gado. Sati biyu ina daka, ina ɗebo ruwa, ina jin 'yan ajinmu suna wucewa ta bayan danga suna gwada Turancin da za su yi a intabiyu. Kaka kuwa bai aiko da ko gaisuwa ba. Na ɗauka kunyata yake ji.

Ran Laraba da safe waɗanda suka ci suka hau mota. Da la'asar sai ga direban a-kori-kura ya sauke akwatin ƙarfe a ƙofar gidanmu, kore, sabo fil, da kwaɗo da makulli a jikin zare. A ciki akwai bargo da sabulu da kwanon sha.

"Malam na Gumel ya ce a ba Uwarsa."

Gwaggo ta zagaya akwatin sau biyu, hannu a ƙugu. "Yaya ya fara ruɗewa ne, ko ba'a yake yi wa yarinya?" Baba ya riga ya tafi Maigatari don kasuwar Alhamis. Gwaggo ta ce ba za ta jira kowa ba, gobe da sassafe sai Gumel, kuma da ni za ta, ya ga idona ya ji kunya. Da gari ya waye na tarar Inna ta wanke rigar makarantata ta ninke ta a kan akwatin. Ba ta dube ni ba. Na sa.

Mota ta ɓata mana lokaci a Gagarawa Tasha ana jiran fasinja, sai wajen azahar muka isa. Mun same shi a zaure yana gyara fensir.

"Yaya, me muka yi maka?"

"Lafiya? Ko sallama babu?"

"Sallamar me? Yarinya sati biyu ba ta cin abincin kirki, ka aiko mata da akwati. Ina za ta da shi? Bakin rijiya?"

"Makaranta mana."

"Wace makarantar? Ta aljanu?"

Ya ajiye rezar. Ya dube ni, ya dubi rigata. "Uwata, daga intabiyu kike?"

Na girgiza kai.

"Babu sunanta," in ji Gwaggo. "Duk garin Gagarawa an karanta."

"Da hannuna na rubuta shi."

"To da hannunka ka goge."

A nan ne na yi magana, kaina a ƙasa. Na ce, "Akwai fili, Kaka. Tsakanin na biyu da na uku. Kamar na layi ɗaya."

Gwaggo ta juyo kaina. "Kin gani kika yi shiru sati biyu? Wannan gida, kowa kurma, ni kaɗai Allah ya ba baki!"

Kaka ya miƙe ya sa hula a karkace, ya fita. Muka bi shi har ofis.

Mai tafireta ya ciro fayil ya buɗe. Ga takardar Gagarawa, rubutu baƙi mai kyau, kuma a layi na uku ga sunana da alƙalamin Kaka, harafi-harafi, ko karkacewa babu. Mai tafireta ya dafe kai, ya ba mu labari. Ya ce ranar suna cikin aiki, Malam na karantawa yana bugawa, sai ya ji shiru. Ya ɗago ya ga Malam ya ƙura wa tagar kwali ido. Can ya ce, "Bar mini fili a nan, wannan zan rubuta da kaina." Shi kuma ya gane, bai tambaya ba, ya bar fili. Amma takarda uku yake bugawa a lokaci guda, da kabon a tsakani. Da suka gama ya raba su, ya miƙa wa Malam ta sama, sauran biyun ya sa a ambulan, ɗaya ta makarantarmu, ɗaya ta masu intabiyu. Kaka duk rayuwarsa da hannu yake rubuta kowace takarda, ɗaya bayan ɗaya. Ya cike ta gabansa, ya busa tawadar ta bushe, ya tafi kasuwa ya sa a yi masa akwati. Bai aiko mini da albishir ba, don kada a ce yana zumuɗi kan jikarsa.

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce da mai tafireta, a hankali, "Da injin naka ne, da bai ji kunya ba."

Ya ce a fito masa da babbar takardar. Mai tafireta ya ce fayil ɗin ya isa. Kaka ya ce a'a, rubutun hannun kaka a kan sunan jikarsa ba shaida ba ne. Ya naɗe hannun riga, ya ɗora tudun takardar nan a ka. Mai tafireta ya yi ta roƙo a bar shi ya ɗauka, ya ƙi. Haka muka ratsa gari cikin rana, dattijo da babbar riga da kaya a ka, mutane suna tsayawa suna kallo.

A wata firamare ake yin intabiyun. Da muka isa an riga an sallami yara, direba yana loda katan-katan a motar gwamnati. Shugabar makarantar 'yan mata tana tsaye bakin aji da fayiloli cike da hannu.

"Baba, mun rufe. Takardar da kuka aiko mana mun gama da ita."

"Kuskurena ne, ranki ya daɗe, ba na yarinya ba."

Ya sauke takardar kan benci, ya buɗe ninki bayan ninki har ya zo wurin, ya ɗora kwalinsa. Shugabar ta dubi agogo.

"To karanta mini, ina ji."

Ya karanta lambar makaranta. Ya karanta lambata. Sai ya tsaya. Sunan ne ya rage. Gwaggo, wadda ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ta juya fuskarta ga bango. Direba ya tayar da mota. Na ga Kaka ya ja numfashi, na san zai furta sunan mahaifiyarsa, kuma na san abin da faɗar za ta ci masa.

Ban san lokacin da na matsa ba. Na leƙa tagar kwalin na karanta sunana, da sunan Baba, da makin. Muryar ta fito da ƙarfi har ni kaina na tsorata.

Shugabar ta ajiye fayilolin. "Ke ce?"

"Ni ce."

"To shigo, tun da kina da baki."

Ta ba ni wani shafi na Turanci na karanta, ta yi mini lissafi uku. Sannan ta zaro biro ta rubuta sunana a filin nan na takardarta, ta ce wa direba ya kashe mota ya daina ƙona mai.

Kaka ya mayar da takardar ofis da kansa, ya gaya musu ya gama. Shekarar da ta biyo sun aiko sau biyu, ya ce a nemi mai ido. Daga nan zamansa ya koma daga ɗaki sai masallaci.

Amma kafin wannan, a hanyarmu ta komawa gida ranar, Gwaggo ta yi gaba tana ta faɗa ita kaɗai. Shi kuwa ya tsaya a inuwar wata katanga, ya cire hula ya share gumi. Bai dube ni ba.

"Uwata, ki yafe mini."

Babba bai taɓa roƙona gafara ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tsaya ina kallon yatsun ƙafata, ina ta haɗa maganar a baki, ta ƙi fita. Ya jira kaɗan, ya mayar da hularsa, muka ci gaba da tafiya. Bai sake tambaya ba. Na yi hutu huɗu bayan wannan, kowanne ina zuwa da niyyar in faɗa, in koma da ita.

Ranar sadakar ukun, da mutane suka ragu, Gwaggo ta ce mini a wurin jana'iza liman ya roƙi duk wanda Malam ya ɓata wa ya yafe. "Kowa ya ce ya yafe," in ji ta. "Har waɗanda ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba."

Na tashi na shiga ɗakinsa. An naɗe katifa, an share ƙasa, babu kowa. Na tsaya tsakiyar ɗakin na faɗa da murya, yadda za a ji, cewa na yafe.

Gwaggo ta leƙo. "Ke da wa?"

"Da Kaka."

Ta dube ni, ta dubi ɗakin. Ta ja ƙofar a hankali ta bar ni.

Allah ka karɓi baƙuncin bawanka, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da mahaifiyarsa a gidan rahama.